Tsiron da Malama Take Yi wa Faɗa

Mai Agogo bai taɓa shuka ko ƙwayar wake ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. A ganinsa kayan duniya iri biyu ne. Akwai waɗanda in sun lalace za ka buɗe bayansu ka ga inda matsalar take, akwai kuma waɗanda sai dai ka zuba musu ruwa ka koma gefe kana fata. Na farkon su ne nasa. Na biyun ya bar wa matarsa, wadda kowa a layin yake kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da 'yan firamare, har shi mijin ma haka yake kiranta.

Tun da ya rufe shagonsa ya dawo da aiki gida, teburinsa yana ɗakin baya ne, jikin tagar da take kallon ɗan filin bayan gida. Gilashin tagar irin mai dishi-dishin nan ne, yana barin haske ya shigo amma ba ya nuna komai sai inuwa. Kullum da safe, yana maƙale da gilashin aiki a ido ɗaya yana tsintar ƙananan sukurori da hantsaki, sai ya ga inuwar Malama ta durƙusa a kusurwar famfo, sai kuma murya ta biyo baya.

"Kai dai ba ka da kunya. Jiya-jiyan nan muka rabu, yau ga ka ka baje kamar gidan ubanka."

Da farko yakan amsa da "Na'am?", ita kuma ta ce ba da shi take ba, in ta zo kansa zai sani. Kuma yakan sani ɗin. Kalmomin ba sa canzawa: mai taurin kai, mara jin magana, wanda Allah ya haɗa ta da shi don a gwada haƙurinta. Da su take tashinsa daga barci, da su take kiransa cin abinci, da su take raka shi har bakin ƙofa. In yini ya wuce ba ta ce masa mai taurin kai ba, to ya san ranar ba ta jin daɗin jikinta. Abokansa na sana'a da suke tausaya masa, dariya kawai yake yi musu a ciki, domin shi ya san abin da ya sani, wato Malama ba ta ɓata yawunta a kan abin da ba ta so. A kan wannan imanin ya yi zaman aurensa na shekaru masu yawa, hankali kwance, har da 'yar ƙiba.

Sai ga wata 'yar rashin lafiya da kowa ya raina, har ita mai ciwon, ta zo ta ɗauke Malama kafin a ankara. Mutane suka cika gidan, suka watse, aka bar Mai Agogo da agogunan bango suna ta aikinsu ba ruwansu da wanda ya rasu.

Mutum biyu ne suka ɗauki nauyinsa. Akwai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda take aiki a kantin magani kuma take biyowa kullum in ta tashi. Akwai kuma ƙanwar marigayiyar, tela ce, yaran gidan suna ce mata Inna. Su biyun nan a da bakinsu bai fi na Malama sanyi ba, jini ɗaya ne ai, amma tun ranar rasuwar suka koma yi masa magana kamar masu ɗauke da ƙwai a cokali. Baba ko za ka ɗan taɓa abinci, Yaya in ba takura ga maganinka nan. Ya ajiye kofin shayi a kan littafi ya yi masa zobe, ba wadda ta ce uffan. Ya maimaita riga har wuyanta ya canza launi, aka ce ta yi masa kyau. Shi kuwa sai ramewa yake yi, bai san dalili ba, su ma ba su sani ba.

Wata safiya ya tara su ya sanar da su shawarar da ya yanke, da irin muryar da yake gaya wa kwastoma cewa sai an canza inji. Zai mayar da filin bayan gida lambun tunawa da Malama. Auta har da hawayen murna, ko ba komai tsohon zai fito daga ɗakin nan ya sha iska. Nan take ta fara lissafo abubuwan da uwarta ta bari: ga 'yar bishiyar lemun tsami, ga na'ana'a a tsohon baho, ga jajayen furannin da ɗalibanta suka ba ta ranar da ta ajiye aiki. Mai Agogo ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce duk wannan ado ne na gefe. Kowane agogo yana da tsakiya inda hannayensa suke juyawa, lambu ma dole ya samu tsakiya, kuma ba abin da ya cancanci wurin sai tsiron da Malama ta fi so.

Ya ja su har kusurwar famfo. Ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara, ya maƙala gilashinsa a ido, ya yi ta dube-dube tsakanin bututun ruwa da katanga. Can sai ya nuna wani ɗan siririn tsiro da ya leƙo daga ƙasa, ganyensa mai tsini, ya fara laluben abin da zai nannaɗe.

"Lemon nan, kun taɓa jin ta ce masa ko sannu?" in ji shi. "Na'ana'ar fa? Ruwa kawai take watsa musu ta wuce. Amma wannan, kullum sai ta durƙusa a gabansa ta wanke shi tas. Ni na san ma'anar wannan faɗan, domin ni ma da shi aka riƙe ni."

Auta ta buɗe baki. Ta san tsiron nan sarai, tun tana 'yar makaranta ake ɗora mata damminsa ta kai kwandon shara. Ciyawa ce mai yaɗo, irin wadda take hawa kan shuka ta shaƙe ta. Amma kafin kalma ta fito, Inna ta taka mata ƙafa da ƙarfi, ta ce, "Masha Allah, Yaya, ido gare ka."

A kicin suka ƙulla yarjejeniya cikin raɗa. Inna ta ce tun rasuwar yau ne ta fara ganin haske a fuskar mutumin nan, wa zai kashe masa shi a kan ciyawa? A bar shi ya yi ta wasa da ita, tunda bai iya shuka ba da kanta za ta mutu a hannunsa, shi ke nan kowa ya huta. Auta ta tambaya, to me ya sa ma Mama take ce wa ciyawa "kai"? Inna ta ce abin da aka hana shi ya ƙi hanuwa ai ko ba a tambaya ba namiji ne. Suka yi dariyar farko da aka yi a kicin ɗin tun bayan rasuwa, suka fito da fuska a daidaice. Dabararsu ba ta da laifi sai wuri ɗaya: Malama da iyawarta ma ta kasa kashe tsiron nan, balle wanda ya ɗaura niyyar raya shi.

Mai Agogo ya kama aikin yadda ya iya aiki, wato da tsari. Ya kewaye tsiron da bulo, ya shafa musu farin fenti. Ya samo taki mai kyau ya tankaɗe shi da rariyar kicin, don kada wani dunƙule ya danne saiwa. Ruwa kuwa yana da lokacinsa, in agogon falo ya buga ko a tsakiyar gyara yake sai ya ajiye ya fita da butar shayi, wai bokiti yana zuba da gadara. Ganyen ma ɗaya bayan ɗaya yake share musu ƙura da ɗan burushin da yake goge cikin agogo. Da ya ga tsiron yana neman abin hawa, ya kwance wasu tsofaffin agogunan bango da masu su suka manta da su, ya haɗa masa matakala da sandunan tagulla da waya, ya kafa benci a gabanta.

Shi dai tsiron, da tun kakanninsa bai san komai ba sai tsangwama, da farko kamar bai yarda ba. Ya yi 'yan kwanaki yana leƙe a ɗarare. Da ya tabbatar cewa lallai zamani ya canza, sai ya miƙe ƙafa. Ya haye matakalar ya sauka ta bayanta, ya nannaɗe famfo har sai an laluba kafin a samu kansa. Ya kama igiyar shanya ya bi ta, ya ci karo da wani wando da Mai Agogo ya manta a kai, ya shiga ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗayar. Mai Agogo ya hana a cire wandon, ya ce kada a katse wa yaro hanzari. Daga nan tsiron ya gangara kan bahon na'ana'a ya rufe shi, ya rungume lemun tsami tun daga gindi har sama. Da Auta ta yi ƙarfin hali ta ce anya lemon yana samun rana kuwa, sai uban ya ce su biyun 'yan gida ɗaya ne, za su daidaita tsakaninsu.

Ranar da ya yi fure, wasu 'yan farare masu kama da mazurari, Mai Agogo bai bar lamba ko ɗaya a wayarsa bai kira ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai an kai shi bayan gida an zaunar da shi a benci an ba shi tarihi. Da yake Inna ta riga ta bi dangi da maƙwabta ta ja musu kunne, kowa sai ya ce masha Allah yana kallon takalminsa. Wata tsohuwar abokiyar aikin Malama, wadda ita ma take da lambu, tari ya sarƙe ta har sai da aka kawo mata ruwa.

Abin bai tsaya nan ba. Mai Agogo ya ga rowa ce ya riƙe irin wannan alheri shi kaɗai, sai ya fara yankar rassa yana dasawa a gwangwanayen madara, duk baƙon da zai tafi sai an ba shi ɗaya ya je ya shuka don tunawa da Malama. Mutane suna karɓa da hannu biyu suna godiya, in sun sha kwana su ajiye a gindin kwandon sharar bakin titi. Tsiron bai yi fushi ba, ya kama a wurin ma.

Abu ɗaya ne ya gagari Mai Agogo, shi ne faɗan. Ya so ya ci gaba da yi wa tsiron irin maganar da ya saba ji, don kada ya yi maraici biyu. Ya tsaya a gabansa ya gyara murya ya ɗaure fuska, amma abin da ya fito shi ne, "An tashi lafiya?" Ya haƙura, ya ce kowa da baiwarsa.

Mutum ɗaya ne jan kunnen Inna bai kai gare shi ba. Maƙwabcinsu na bayan katanga direban babbar mota ne, in ya fita sai a manta da kamanninsa kafin ya dawo. Direba mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da birki. Ya dawo daga doguwar tafiya ya zagaya duba 'yan tumatirin da yake ji da su, ya tarar da wani koren abu ya tsallako katanga ya ɗaure su tamau. Ya taka tsohuwar taya ya leƙo, ya ga Mai Agogo a durƙushe yana goge ganye da burushi.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Direba ya ce, "Allah ya jiƙan Malama, wallahi an yi rashi. Da tana nan da wannan 'yar banzar ciyawa ba ta isa ta ga saman katanga ba."

Mai Agogo ya yi murmushin wanda ya fi sani, ya fara yi masa bayani a hankali cewa wannan shi ne ɗan lelen marigayiya. Direba ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya har tayar tana rawa a ƙarƙashinsa. Ya ce ɗan lele ina? Shi da yake hango Malama daga tagarsa ta sama? Kullum safiya sai ta tuge ta tana zagi. Ta zuba mata tafasasshen ruwa, ta zuba mata gishiri, har ƙarfen cire tayarsa ta taɓa ara don ta haƙo saiwar, ta dawo masa da shi a lanƙwashe. Sai da ya kai nan ya lura da fararen bulo da matakalar tagulla da benci, da wandon da yake lilo a cikin ganye. Dariyar ta ɗauke. Ya ce bari ya je ya duba mai a mota, ya sauka daga kan taya a hankali.

Mai Agogo bai ko canza takalmi ba ya nufi shagon Inna. Shagon ɗan tsukuku ne, kekunan ɗinki biyu da teburin yanka, ƙasa duk ƙyallaye, rigunan mutane a rataye suna shafar kan duk wanda ya shigo. Ya same ta da allurai a baki da tef ɗin awo a wuya. Ya ƙi zama. Ya tambaye ta kai tsaye, tsiron nan mene ne?

Inna ta fara kewaye-kewaye. Ta ce ai ita tela ce ba manomiya ba, ta ce kowane tsiro halittar Allah ne, ta ce furen dai ba laifi. Ya tsaya yana kallon ta kamar yadda yake kallon agogon da aka ce masa bai taɓa faɗuwa ba alhali ga tsaga a gilashi. Daga ƙarshe ta zare allurai daga bakinta ta ce ciyawa ce, kuma yayarta ta tsane ta kamar ciwon haƙori, har ta sha cewa ba ta son ta mutu ta bar ta a gidan.

Ta zaci zai yi fushi a kan an bar shi yana raba wa mutane ciyawa a gwangwani, ta ma shirya ban haƙuri. Amma ba nan hankalinsa yake ba.

"Mai taurin kai take ce masa," ya faɗa a hankali. "Mara jin magana. Wanda aka haɗa ta da shi don a gwada haƙurinta." Ya dubi Inna. "To ni fa?"

Inna ta fara dariya, ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Ta sassauta murya ta ce haba Yaya, ai kowa ya san irin son da take yi maka, kada ka sa wannan a ranka. Maganar gaskiya ce, amma da muryar da ta ce masa masha Allah a gaban ciyawa ta faɗe ta, shi kuma kunnensa na mai gyaran agogo ne, ba ya manta sauti. Ya yi mata godiya da ladabi ya fita.

A hanya abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Ba kunyar mutane ce ta dame shi ba, wannan mai sauƙi ce, a yi dariya a gama. Tsoro ne ya kama shi. In har Malama tana iya faɗin kalmomin nan ga abin da take neman hallakawa da tafasasshen ruwa, to da me zai tabbatar cewa shi ba haƙuri kawai aka yi da shi ba? Duk zaman da suka yi, a kan fassara ɗaya ya gina shi, kuma mai fassarar shi ne mutumin da ya yi wa ciyawa matakalar tagulla. Wadda za ta raba gardamar kuma ba ta nan, ba kuma za ta dawo ba. Bai taɓa jin rashinta kamar a wannan tafiyar ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa gida. Ya wuce bayan gida kai tsaye, ba hula ba safar hannu, ya cafki tsiron ya fara ja. Abin da aka ciyar da tankaɗaɗɗen taki ba ya fita ta daɗi. Ya ja nan ya tsinke can, ya ɓalle reshe ɗaya ya tarar da wasu a ƙarƙashinsa. Igiyar shanya ta tsinke, wandon ya faɗo masa a ka. Ya yaye abin da ya rufe baho, ya ga na'ana'ar Malama ta zama busassun tsinkaye. Jajayen furannin ɗalibanta ko alamarsu babu. Lemun tsamin ya fito tsirara, ganyensa rawaya, jikinsa duk shatar ɗauri. Wato abubuwan da ta raya da hannunta ya kashe, wanda ta yi ta yaƙa ya naɗa shi sarki. Haushi ya ƙara turnuƙe shi, ya kama matakalar ya fizga, wata waya ta shiga tafin hannunsa ta keta. Ya ga jinin, ya goge a riga, ya ci gaba.

A haka Auta ta same shi. Inna ce ta kira ta a waya, ta baro kanti da farar rigar aikinta. Ta tsaya a bakin ƙofar baya tana kallon ubanta tsamo-tsamo cikin gumi, ganye a gashinsa, jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan farin bulo. Ta buɗe baki don ta ce Baba in ba damuwa, amma wata murya daban ce ta fito.

"Wai kai wane irin mutum ne? Da tsakar ranar nan, da hawan jininka, ba hula ba komai? So kake ka faɗi a nan in zo in tsince ka? Ɗaya ta tafi bai ishe ni ba? Zauna. Na ce zauna, mai taurin kai kawai."

Ya zauna a benci, don ƙafafunsa sun san wannan umarnin tun kafin a haife ta. Ta finciko hannun ta kai bakin famfo, ta shiga gida da gudu ta dawo da akwatin magani, bakinta bai huta ba. Ta ce mutum da girmansa ba ya jin magana. Ta ce waya mai tsatsa ce, sai an yi masa allura, kuma ko ya so ko ya ƙi sai ya je. Ta ce lemon nan da sauran ransa, ga kore a gindi, amma in ta ƙara ganin ya taɓa wani abu a lambun nan kafin ta kawo masa safar hannu da almakashi, to za su haɗu. Ta ce Allah dai ya haɗa ta da aiki.

Mai Agogo ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba yi in ana yi masa faɗa, sai idonsa ya sauka a kan hannayenta. Baki yana ta ruwan masifa, amma yatsun suna bin ciwon a hankali da auduga, suna ɗagawa duk lokacin da ya motsa, suna naɗa bandeji ba tsauri ba sako-sako. Sai ga hannayen Malama sun dawo masa a rai, waɗanda ya yi shekaru yana kallo daga wannan sunkuyon bai taɓa sa su a lissafi ba. Ana ce masa mara jin magana ana gyara masa wuyan riga. Ana ce masa mai taurin kai ana tura masa tsokar da ta fi laushi gefen farantinsa, ana taɓa goshinsa da bayan hannu a ji ko da zazzaɓi. Faɗan da ake yi wa tsiron kusurwar famfo murya kawai ya ji ta bayan gilashi, bai ga abin da hannun yake yi ba. Nasa kuwa ya gani da idonsa kullum, kuma ba a taɓa zuwa masa da tafasasshen ruwa ba sai in shayi ne.

Tsoron da ya kama shi tun daga shagon Inna ya sake shi. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, bai ko kai hannu ba.

Auta ta ɗago ta gani. Ta rufe baki da hannu, sai yanzu ta ji irin maganganun da ta gaya wa mahaifinta.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ban san lokacin da..."

"Ba ki gama ba," in ji Mai Agogo. "Maganin safe ma ban sha ba. Rigar nan kuma ni kaina na manta ranar da na sa ta."

Ta tsaya tana kallon sa, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Sannan ta share fuska da gefen hannu, ta ja dogon numfashi, ta ɗora daga kan maganar magani. Shi kuwa ya gyara zama a benci, ya miƙa mata ɗaya hannun, wanda babu abin da ya same shi.